Katifar Gwaggo a Bango

Ranar da Munzali ya shigo gida da makirfo a cikin kwali, ya rungume shi a ƙirji kamar jaririn da aka sallamo daga asibiti, Gwaggo 'Yar'azumi har guɗa ta yi masa. Ba ta san abin da ke cikin kwalin ba. Ta dai ga ɗan ƙanenta yana washe baki, sai ita ma ta taya shi murna. Da ta san abin da guɗar nan za ta jawo mata, wallahi da ta haɗiye abarta.

Watanninta kaɗan ke nan a Haɗeja, gidan ƙanenta Alhaji Baƙo mai fataucin barkono. Ambaliyar damina ta rushe mata ɗaki a ƙauyensu na bayan Baturiya, ta ratso ruwa da katifarta a ka da sandarta a hannu, iyakar abin da ta tsira da shi ke nan. Aka sauke ta a tsohon ɗakin mahaifiyarsu da ke can ƙuryar gida, ɗakin ƙasa mai kaurin bango, inda aka haife ta, inda kuma ta yi renon shi kansa Alhajin yana ɗan tsumma.

Washegari sai ga Munzali da abokinsa Rilwanu, mai gyaran waya a bakin tasha, wanda tun da aka sayo makirfo ya hana kowa kiransa da sunansa sai Injiniya. Suka dinga bin ɗakunan gidan ɗaya bayan ɗaya, su tsaya a tsakiya, su tafa hannu, su karkata kai su saurara. Da suka shigo wurin Gwaggo suka tafa, sai ta miƙo musu mafici.

“Ungo, ku buga da wannan,” in ji ta. “Sauron ɗakin nan ba ya jin tafi.”

Injiniya bai ko kalle ta ba. Ya sake tafawa, ya lumshe ido, ya ce, “Munzali, ka ji? Babu amsa-kuwwa ko kaɗan. Wallahi nan ne situdiyo! Mutanen da sun iya gini.”

Gwaggo ta ji daɗi an yabi ɗakin uwarta, har ta ba su goro.

Bayan la'asar Alhaji Baƙo ya zo ya zauna a bakin ƙofarta, ya yi ta gaisuwa kamar wanda ya shekara bai gan ta ba. Gwaggo ta san halin ƙanenta. In gaisuwarsa ta yi tsawo, to akwai abin da ke binne a ƙarƙashi.

“Yaya,” ya ce daga ƙarshe yana sosa ƙeya, “yaron nan ya samu sana'a. Waƙa zai dinga ɗauka a gida. Kin ga ai gara haka da a ce yana bin 'yan shaye-shaye. To ɗakin nan naki ne ya dace da aikin. Na ɗan lokaci ne, kafin ya kama shago.”

“To ya dawo nan, ni in koma nasa ɗakin.”

“A'a, Yaya! Nasa ai a zaure yake, bakin titi. Mace mai daraja irinki a ƙofar gida? Me mutane za su ce da ni? Kuma can zai dinga sauke baƙinsa mawaƙa.”

“Ɗakin da ke kusa da na Hajiya fa?”

Hajiya Asabe, matar Alhaji, dama tana laɓe a bayan igiyar shanya. Ta yi wuf ta leƙo. “Haba Gwaggo, atamfofin sayarwata ne a ciki, danshi ba ya barinsu. Ai sito ya fi iska. Ku da kuka saba da ƙauye ma za ki fi sakewa a can.”

Gwaggo ta dubi ƙanenta, shi kuma ya dubi yatsun ƙafarsa. Ranta ya sosu ƙwarai, amma mace ce da aka rena a kan cewa ba a ja-in-ja da mai gida a gaban matarsa, ko da kuwa kai ka goya shi. Ta ce, “Allah ya sa albarka a sana'ar.”

Siton kuwa, jama'a, sito ne na gaske. Buhunan busasshen barkono da tattasai ne jibge har rufi, kowanne da alamar Alhaji a jikinsa, jar da'ira da zane biyu a tsakiya, yadda kowane ɗan kasuwa yake shafa wa buhunsa fenti don kada ya ɓata a mota. Aka ture buhuna aka fitar mata da wurin da katifa za ta shiga. Iskar da Hajiya ta yi alkawari tana nan kam, tana shigowa ta tsagar bango, ta bi ta kan barkono, sannan ta iso hancin Gwaggo. Kafin ta gama shimfiɗa ta yi atishawar da ta kori kaji daga tsakar gida. Kwana kaɗan atishawar ta sauka ƙirji ta zama tari.

Can ƙurya kuma aiki ya kankama. Munzali ba shi da ƙarfin sayen kayan situdiyo na kanti, don haka duk abin da ido ya gani a gidan ya zama kayan aiki. Ya bi masu shayi ya kwaso kwalayen ƙwai ya manna a rufi. Ya samo tsohuwar kwamfuta da sai an dafa mata murfi da dutse take tsayuwa. Ya jawo batirin mota ya ajiye inda uwarsu Gwaggo take ajiye randa. Amma da suka gwada ɗauka, Injiniya ya cire abin kunnensa ya girgiza kai.

“Bango yana buƙatar soso. Soso mai kauri, irin na da.”

Idon Munzali ya tafi sito.

Ya zo ya durƙusa a gabanta har ƙasa, don yaro ne mai ladabi, ba a taɓa jin ya ɗaga wa babba murya ba. “Gwaggo, aron katifarki za mu yi. Gwaji kawai.”

“Munzali, katifar nan a kaina na ɗauko ta ruwa yana dukan ƙirjina. In ka ɗauka, a kan me zan kwanta?”

Kafin ya amsa, Alhaji da ke alwala a gefe ya karɓe zancen. “Yaya, ai ni na ji likita a rediyo yana cewa katifa ita ke kashe bayan tsofaffi. Kwanciyar ƙasa magani ce. Mu ma da za mu samu dama da ita za mu dinga yi.”

Shi dai bai taɓa samun damar ba, don katifarsa mai hawa biyu ce. Aka fita da ta Gwaggo. Ba a jima ba ta jiyo Injiniya yana tambayar Hajiya wuƙar yanka burodi, daga nan kuma sai ƙarar guduma. Ta shimfiɗa buhunan da babu komai a ciki, ta ɗora tabarma, ta kwanta, ƙasusuwanta suna gaisawa da ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Daga katifa sai abin ya zama kamar an buɗe famfo. Rariyar da ta saya don tankaɗe garin kununta ta ɓata, sai ga ta ɗaure a gaban makirfo, wai tana tace numfashin mawaƙi. Bargonta ya koma labulen ƙofa. Wata safiya ta lalubi sandarta za ta fita alwala, babu sanda. Ta dafa bango ta isa ƙurya, ta hango daga bakin ƙofa an kafa sandar a cikin bokitin yashi, an naɗe mata makirfo a ka da baƙar roba.

“Tsayinta daidai bakina, Gwaggo,” in ji Munzali cike da murna. “Kamar don ni aka sassaƙa ta.”

Hajiya Asabe ta ƙara da cewa, “Ai tafiya ba sanda ma motsa jini ce. Dogaro da sanda shi ke tsofar da mutum.”

Sai aka kawo jan ƙwan lantarki aka maƙala a saman ƙofar situdiyo. Munzali ya tara mutanen gida ya yi musu bayani: in jan ƙwai ya kama, ana ɗauka, kowa ya yi tsit, don makirfon nan ko ƙuda ya wuce sai ya ji. Kowa ya ce ya ji ya yarda. To amma Alhaji mai gida ne, in ya ɗaga waya yana ciniki da mutanen Malam Madori har maƙwabta sun san farashin barkono, kuma ba a ce wa uba ya rage murya. Hajiya kuwa ta ce injin markaɗenta ba ya jiran kowa. Aka duba aka duba, sai ya zamana dokar jan ƙwai mutum ɗaya tak ta hau, wato mai tari.

Kuma tarin Gwaggo ba ya shawara. Munzali zai ja baiti, ya kai wurin da muryarsa take karkarwa yadda yake so, sai daga sito a ji “ƙuhul! ƙuhul!” Injiniya ya yi jifa da abin kunne, ya fito yana riƙe da kai.

“Gwaggo, don girman Allah! Wannan ne karo na nawa!”

“Ɗan nan, ba da gangan nake yi ba. Barkonon ne.”

“To ki dinga yi kafin a kunna ƙwai mana,” in ji Hajiya daga kicin. “Komai ai da tsari. Ki yi tarinki duka da safe ki gama.”

Gwaggo ta kai ƙara wurin Alhaji, ta ce ko a kwashe barkonon ko a kai ta asibiti. Alhaji ya ce barkono ba ya kwasuwa yanzu, sai farashi ya tashi. Asibiti kuma, ya ce, ai barkono da kansa magani ne, yana wanke ƙirji, duk abin da take ji fita ciwon yake yi. Ya kawo mata alewar tari guda a aljihu, ya ce ta dinga tsotsa a hankali.

Ta koyi dabara. Da ta hango jan ƙwai ya kama, sai ta cusa bakin mayafi a baki, ta danne tarin, ƙirjinta yana tsalle, idanunta su yi jawur, hawaye su dinga zuba. Tana jiyo waƙar ta cikin bango. Waƙar ambaliya ce, Munzali ya sa mata suna Kukan Tsohuwa, yana rerawa da murya mai ban tausayi yana tambayar ina dangi, ina 'yan uwa, da aka bar tsohuwa tana kwana a ƙasa. Gaskiya waƙar ta yi daɗi. Har Alhaji in ya ji sai ya girgiza kai ya ce, “Kai, mutane ba su da imani.”

Da aka gama waƙa sai maganar hoton bidiyo ta taso. Niyyarsu su je sansanin 'yan gudun ambaliya su nemo tsohuwa, amma hanya ta yanke, sai an hau kwalekwale, Injiniya kuma ya rantse ba zai ɗora wayarsa a kan ruwa ba. Suna cikin wannan jimami ne ya leƙa sito neman igiya, ya ga Gwaggo a kan buhu, mayafi a baki, hawaye shaɓe-shaɓe, hasken rana yana shigowa ta tsagar bango yana sauka a fuskarta.

“Munzali!” ya ƙwala kira. “Zo ka ga ikon Allah! Me za mu je nema a sansani? Ko a fim ba a haɗa wuri ya yi kyau haka ba!”

Suka kafa waya. Munzali ya durƙusa da ladabinsa. “Gwaggo, hoto za mu ɗauke ki. Kada ki share hawayen. Yawwa. To yanzu ki yi tari.”

Gwaggo ta zare mayafi daga baki ta dube shi. “Me ka ce?”

“Tari, Gwaggo. Irin mai ƙarfin nan.”

“Au, yau kuma ya halatta?”

Abin haushi, tarin ya ƙi zuwa. Ya saba da dannewa har ya yi zuciya. Sai da Injiniya ya ɗaga ƙafa ya daki buhun barkono, ƙura ta tashi, sannan Gwaggo ta sarƙe, ta yi ta tari har ta kifa da hannu a ƙasa. Injiniya yana ta cewa, “Madalla! Kada ki tsaya!” Da suka gama Munzali ya yi mata godiya sosai, ya ce Allah ya bar musu ita.

Waƙa ta fita, ta kuwa karɓu. Kafin ka ce me, ta cika wayoyin Haɗeja, daga 'yan acaɓa har masu bandar kifi. Mata suna kallo suna share ƙwalla, suna tsine wa dangin da suka wulaƙanta baiwar Allah haka. Munzali ya sayi baƙin tabarau. Alhaji ya shiga kasuwa yana taku ɗai-ɗai, yana jiran a ce masa uban mawaƙi.

Abin da ba wanda ya tuna a gidan shi ne, ɗan kasuwar barkono ko ya manta sunan ɗansa ba ya manta alamar buhun abokin cinikinsa. A bayan tsohuwar da ke tari, daga ƙasa har sama, jar da'ira ce da zane biyu, reras. Alhaji yana isa rumfa ya tarar an yi cincirindo a kan waya guda. Wani dattijon dillali ya ɗago ya ce, “Alhaji, ashe sansanin 'yan gudun hijira ka buɗe a sitonka ba mu sani ba? Allah ya ba da lada.” Wani ya matso da fuskar wayar ya ce, “Wannan kuma ba Yaya 'Yar'azumi ba ce, wadda take kawo maka abinci makarantar allo?” Rumfa ta kwashe da dariya, irin dariyar da ba ta da daɗi.

Alhaji ya dawo gida ko hularsa ba a daidai ba. Gwaggo tana jin yadda ya banko ƙofa, zuciyarta ta ɗan yi sanyi. Ta ce a ranta, yau dai Baƙo ya gani da idonsa, yau zai tuna ko ni wace ce. Ta gyara zama tana jiran ya shigo.

Bai shigo ba. A tsakar gida ya tsaya yana daka wa Munzali tsawa. “Kai wane irin sakarai ne? Da za ku ɗauka, me ya hana ku juya buhunan su kalli bango?”

Wannan magana ta fi barkonon yi wa Gwaggo zafi. Ta ji wani abu ya tsinke mata a ƙirji wanda ba tari ba ne.

Ana cikin haka aka aiko cewa matan unguwa sun yi karo-karo sun sayi katifa, suna tafe su kawo wa tsohuwar cikin waƙa. Kai, zo ka ga gudu a gidan Alhaji Baƙo! Aka ɗauko Gwaggo cak, aka kai ta ɗakin Hajiya, aka ɗora ta a kan gado mai rumfa. Hajiya ta yafa mata sabon leshi, ta kunna fanka, ta ajiye mata lemo da tuffa a faranti. Alhaji ya sunkuyo yana raɗa.

“Yaya, ki rufa mini asiri. Ki ce wasan kwaikwayo ne. Ki ce nan ne ɗakinki.”

Matan suka shigo da sallama, sabuwar katifa a lulluɓe da leda. A cikinsu har da Ya Kolo, wata Babarbariya mai fataucin bandar kifi, maƙwabciyar Gwaggo a ƙauye, wadda ta shigo cin kasuwa aka nuna mata waƙar a waya, ta bar kwandunanta ta biyo su. Alhaji ya tsaya daga bakin ƙofa yana ta bayani da fara'a.

“Ai duk shiri ne irin na 'yan fim. Kun ga inda take kwana. Ni da Yayata? Haba! Ko, Yaya?”

Gwaggo ta buɗe baki. Ba ta iya ƙarya ba, ba ta kuma iya tona asirin ɗan uwa ba. Sai ta ce, “Sannunku da zuwa.”

Ya Kolo ta haye gadon ta rungume ta. “Wushe, wushe, 'Yar'azumi! Haka kika rame?” Ba ta rufe baki ba ta saki wata atishawa da ta girgiza rumfar gadon. Wata daga cikin matan ta matso ta dafa kafaɗar Gwaggo, ita ma ta fashe. Fankar Hajiya kuwa ta samu aikin yi, ta dinga kwasar ƙurar barkonon da ta yi watanni tana shiga gashin Gwaggo da zanenta tana rabawa kowa. Nan da nan ɗakin ya kacame, mata suna atishawa suna “Alhamdu lillahi”, ba mai sararin amsa wa wani. Har Alhaji sai da ya yi guda uku a jere.

Ya Kolo ta share ido, ta ɗaga leshin, ta ga tsohon zanen da ke ƙasa ya yi ja da gari, ta ga sawun saƙar buhu kwance a damtsen Gwaggo. Ta ɗago ta kalli Alhaji. Matan suka jingina katifa a tsakar gida, suka yi sallama a gajarce, suka fita suna kallon juna. Ya Kolo ta ce ita sai ta sha ruwa tukuna, ta nemi turmi ta zauna.

Ko ƙarar takalmansu ba ta gama ɓacewa ba Hajiya ta kashe fanka. “To Gwaggo, a ɗan tashi in kakkaɓe gadon, kada yajin ya kama zanin.” Ta karɓe leshinta, ta mayar da tuffa cikin firji.

Gwaggo ta fito tana dafa bango. A tsakar gida ta tarar da Munzali da Injiniya a gaban sabuwar katifa. Injiniya yana latsa ta da babban yatsa, Munzali yana auna faɗinta da taƙi.

“Wannan ai ta fi waccan kauri,” in ji Injiniya. “Dama bangon gabas ne ya rage.”

Gwaggo ta juya wurin ƙanenta. Alhaji ya sosa ƙeya. “Yaya, kin ga yanzu yaron ya fara suna, mawaƙa za su dinga zuwa. Na ɗan lokaci ne.”

Gwaggo ta nufi ƙurya, bango yana riƙe da ita. Jan ƙwai yana kunne, wani baƙon mawaƙi yana ciki yana gwada murya, amma ta yaye bargon ta shiga abinta. Rabonta da shiga ɗakin tun ranar da aka fitar da ita. Ga katifarta nan an yanka ta gunduwa-gunduwa, an kafe kowane yanki da ƙusa a bangon da uwarta take yi wa shafe da hannunta duk shekara. Ta tsaya ta kalla, ta kai hannu ta shafa yanki guda, har yanzu da tabon ruwan ambaliya a jikinsa. Sannan ta kama sandarta ta fizge daga bokitin yashi, ta warware robar, makirfo ya faɗo, mawaƙin ya cafe shi da ƙyar yana salati. Ta kwance rariyarta, ta yafa bargonta a kafaɗa, ta fito tana dogara sanda.

“Kolo,” ta ce, “akwai wuri a motar kifinku?”

“Akwai. A gidana ma akwai. Rumfar kaba ce a kan tudu, amma babu barkono.”

“To kama mini katifar nan.”

Nan fa Alhaji ya rikice. Ya sha gabanta yana tafa hannu. “Yaya! Yaya, ina za ki? Ruwa bai gama janyewa ba! Ki koma cikin ruwa ina raye? Me mutane za su ce?”

Gwaggo ta tsaya ta dube shi sosai, yadda take dubansa yana yaro in ya yi ɓarna ya ɓoye hannu a baya.

“Baƙo,” ta ce, don yau ba ta ce Alhaji ba, “ruwan da kake tsorata ni da shi ya ci ɗakina, ya ci gonata, ya ci awakina. Amma ya bar mini katifata, ya bar mini sandata. Kuma duk haukarsa bai taɓa ce mini in yi shiru ba.”

Ya Kolo ta ɗora katifar a ka. A bakin zaure Gwaggo ta dakata, ta waiwaya ta hango jan ƙwai yana nan a kunne. Ta gyara tsayuwa, ta dafa sanda da hannu biyu, ta saki tarin da ta yi watanni tana haɗiyewa, tun daga ƙasan ciki, ta yi shi son ranta har sai da ya ƙare don kansa. Sannan ta share baki da gefen mayafi ta bi bayan katifarta.

Waƙar tana nan tana tashe a Haɗeja, har a gidan biki ana sa ta mata su yi kuka. Situdiyo ya samu shirun da yake nema, Munzali yana shirin sabuwar waƙa a kan zumunci. In an tambayi Alhaji ina Yayarsa, sai ya ce ai ka san tsofaffi, ba sa iya zaman birni, ya yi ya yi ta ƙi. Buhunan sito kuwa ya sa an juya su duka, yanzu kowanne bango yake kallo.